HELEN KELLER DA MALAMARTA: YARINYAR DA AKA KOYA WA MAGANA A TAFIN HANNU

 A wannan fitowa, filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai ƙetare teku ya kai mu ƙasar Amurka, inda za mu ɗauko labarin wasu mata biyu, ɗaliba da malamarta. Ɗalibar sunanta Helen Keller, ba ta gani kuma ba ta ji. Malamar kuwa Anne Sullivan, marainiya ce mai ciwon ido wadda ta tashi a gidan gajiyayyu.

Mun san wani zai ce, to ina ruwanmu da labarin Nasara, alhali ga tarihin malamanmu da sarakunanmu ba mu gama ba? Ai duk wanda ya fito da sassafe ya bi ta ƙofar babban masallaci ko ta bakin tasha zai ga dalili da idonsa. Ga yara ƙanana nan riƙe da sandar iyayensu makafi, ga kurame ana tsokanarsu ana dariya. A cikin gidaje kuma akwai waɗanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki don jin kunya. Malamanmu na Islamiyya sun hore mu da mu ɗauki darasi duk inda muka tsince shi, to ga wani nan mun tsinto.

HAIHUWA DA CIWO

An haifi Helen ran 27 ga watan Yuni, 1880, a wani ƙaramin gari mai suna Tuscumbia, cikin jihar Alabama a kudancin Amurka. Mahaifinta, Arthur Keller, tsohon kyaftin ne na sojojin kudu a yaƙin basasar ƙasar, daga baya ya koma noman auduga da buga jarida. Mahaifiyarta sunanta Kate. Lafiya lau aka haifi yarinya, tana gani tana ji, har ta fara takawa tana gwaranci irin na yara.

Tana da wata 19 a duniya, a farkon 1882, sai wani zazzaɓi mai tsanani ya kama ta har aka fid da rai. Likitocin da suka yi nazarin abin daga baya sun fi kyautata zaton sanƙarau ne, ko kuwa wani zazzaɓi mai fid da ƙuraje. Zazzaɓi ya sauka, gida ya cika da murna. Ashe ya tafi da ido da kunne gaba ɗaya. Uwar ce ta fara lura, ta ga tana wuce hannu a gaban fuskar yarinya ba ta ƙiftawa, ana kaɗa ƙararrawar cin abinci ba ta waiwayowa. Wannan ciwo dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Manyanmu ba su manta annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa ba, da yadda wasu yaran da suka tsira da rai suka tashi kurame.

Yaron da bai ji magana ba, ba zai iya magana ba. Saboda haka ɗan gwarancin da Helen ta fara duk ya gudu. Amma ƙwaƙwalwarta garau take. Da kanta ta ƙirƙiro alamu wajen 60 da take yi wa mutanen gida. In ta jawo mutum, zo ke nan, in ta tura shi, tafi. In tana son burodi sai ta kwaikwayi yanka shi da shafa masa man shanu. In tana neman uwarta sai ta shafa kumatunta. Abokiyar wasanta ita ce 'yar mai dafa musu abinci, wata yarinya baƙar fata, wadda ta fi kowa gane waɗannan alamu.

Sai dai tana girma abin na ƙara ƙuntata mata. Takan tsaya tsakanin mutum biyu masu hira ta taɓa leɓunansu, ta ji suna motsi, ita ma ta motsa nata, amma ba wanda ya gane komai. Daga nan sai kuka da shure-shure da fashe-fashen kwanuka. Wata rana ta kulle uwarta a sito har na wajen awa 3, ta zauna a bakin ƙofa tana dariya don tana jin motsin bugun ƙofar a jikinta. Wata rana kuma ta tarar an kwantar da ƙanwarta jaririya a gadon 'yar tsanarta, ta kifar da gadon, Allah Ya sa uwar na kusa ta cafe jaririya. Wajen cin abinci kuwa zagaya teburi take yi tana tsoma hannu a farantin kowa, ba mai hana ta, don tausayi. Har cikin dangi aka samu masu ba da shawarar a kai ta gidan da ake ajiye masu taɓin hankali a huta.

NEMAN MAFITA

Uwar ba ta yarda ba. Ta taɓa karantawa a wani littafin marubucin Ingila, Charles Dickens, labarin wata Laura Bridgman, makauniya kuma kurma, wadda aka koya wa karatu a makarantar makafi ta Perkins da ke birnin Bostan a wancan lokaci. A 1886 aka ɗauki Helen zuwa wurin wani likitan ido a Baltimore. Likita ya duba ya gaya musu gaskiya, ido ba zai dawo ba, amma yarinyar za ta iya karatu. Ya tura su Washinton wurin Alexander Graham Bell, mutumin nan da ya ƙirƙiro wayar tarho, wanda asalin sana'arsa koyar da kurame ce, kuma uwarsa da matarsa duk kurame ne. Shi Bell ya ce su rubuta wa shugaban makarantar Perkins, Michael Anagnos, su nemi malami. Anagnos ya duba cikin waɗanda suka gama makarantar a wannan shekara ya zaɓi Anne Sullivan.

WACE CE ANNE SULLIVAN?

A nan ya kamata mu dakata, domin mutane da yawa sun san sunan ɗaliba amma ba su san na malama ba. An haifi Anne ran 14 ga Afrilu, 1866, a jihar Massachusetts. Iyayenta baƙin haure ne matalauta daga ƙasar Ailan, ci-rani ya kawo su kamar yadda ya kawo iyayenmu nan kudu. Tana da shekara 5 ciwon amodari ya kama idanunta, har ganinta ya kusa tafiya. Tana da shekara 8 uwarta ta rasu. Uban mashayi ne, ya kasa riƙon yara, ya watsar da su. A 1876 aka kai ta da ƙanenta gidan gajiyayyu na Tewksbury, inda aka tara tsofaffi da marasa lafiya da masu taɓin hankali wuri guda, ga ɓeraye ga ƙazanta. Bayan 'yan watanni ƙanen ya rasu, ta saura ita kaɗai. Allah Sarki!

Shekara 4 ta yi a wannan gida. A can ta ji labarin wai akwai makarantar makafi. A 1880 wasu jami'an gwamnati suka zo binciken gidan. Yarinyar nan ta bi su tana lalube, ta tsaya a gaban shugabansu, Franklin Sanborn, ta roƙe shi a sa ta makaranta. Roƙonta ya karɓu. Ta shiga Perkins tana da shekara 14, ko sunanta ba ta iya rubutawa, yara ƙanana suna yi mata dariya. Ga ta da zafin rai, ta sha yin karo da malamai. Amma ta dage. Aka yi mata aikin ido ta samu ɗan gani da za ta iya karatu da shi. A nan kuma ta zauna da Laura Bridgman ta koyi yadda ake rubuta haruffa da yatsu a tafin hannun mutum. A 1886 ta gama, kuma ita aka zaɓa ta yi jawabin ban kwana a madadin 'yan ajinsu.

Ba gida, ba dangi, ba sana'a. Da aka yi mata tayin aikin Alabama a kan dala 25 a wata, da ci da wurin kwana, sai ta karɓa. Ta yi watanni tana bitar rahotannin yadda aka koyar da Laura kafin ta kama hanya.

KARON FARKO

Ran 3 ga Maris, 1887, Malama Anne ta sauka gidan su Helen. Shekararta 20, ɗalibarta kuwa ba ta cika 7 ba. Ta zo mata da tsarabar 'yar tsana daga yaran Perkins. Ta miƙa mata, ta kama hannunta ta rubuta mata sunan 'yar tsana da yatsu. Helen ta kwaikwaya daidai, amma a wurinta wasan yatsu ne kawai, ba ta san cewa suna ne ba.

Kafin karatu sai da aka yi yaƙin tarbiyya. Da Helen ta kawo hannu farantin malama, malama ta hana. Aka kaure. Mutanen gida suka fice cikin ɓacin rai, malama ta kulle ƙofa, aka daɗe ana fama kafin yarinya ta yarda ta zauna a kujera ta ci da cokali. Ita ma Helen ba ta bar bashi ya kwana ba. Ta taɓa kai wa malama duka har haƙori ya fita, ta kuma kulle ta a ɗakin bene ta ɓoye mabuɗi, sai da tsani aka sauko da ita ta taga.

Malama Anne ta lura cewa babbar matsalar ita ce tausayin iyaye, domin duk abin da ta gina da safe, kafin dare sun rushe shi da lallashi. Sai ta nemi a bar ta ta koma da yarinyar wani ƙaramin gida da ke cikin lambu, su biyu kawai. Uban ya yarda da kyar. Wajen mako 2 suka yi a can. Yarinya ta yi bore ta gaji, ta fara zama wuri guda, ta fara yarda a taɓa ta. Kalmomi kuwa tana ta haddace su a yatsu, amma har yanzu ƙofar ba ta buɗe ba.

RANAR FAMFO

Ran 5 ga Afrilu, 1887, wata ɗaya da 'yan kwanaki da zuwan malama, aka wayi gari ana fama a kan kalma biyu, moɗa da ruwa. Helen ta kasa rarrabe su, tunda kullum tare suke zuwa hannunta. Haushi ya kama ta, ta ɗauki 'yar tsana ta buga da ƙasa ta farfashe. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta share ɓaraguzan, ta ja ta waje zuwa famfon tuƙa-tuƙa da ke tsakar gida. Ta sa hannun yarinya ɗaya a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara, a ɗaya hannun kuma tana rubuta haruffa 5 na kalmar ruwa da Turanci, a hankali da farko, sannan da sauri, tana maimaitawa.

Yarinya ta tsaya cak. Nan take ta gane cewa wannan motsin yatsu shi ne sunan abin nan mai sanyi da ke zuba a hannunta, kuma in haka ne, to kowane abu yana da suna. Ta durƙusa ta taɓa ƙasa tana neman sunanta. Ta taɓa famfo. Ta juyo ta taɓa ita Anne, aka rubuta mata kalmar malama, kuma da wannan suna ta ci gaba da kiranta har ƙarshen rayuwa. Kafin dare ta koyi kalmomi 30. Da suka koma ɗaki ta lalubo ɓaraguzan 'yar tsanar nan tana ƙoƙarin haɗawa, ta kasa, sai hawaye. Ita da kanta ta ba da labari daga baya cewa ranar ce ta fara sanin nadama.

Jama'a, a duba wannan abu da kyau. Shekara 5 yarinya tana cikin duhu da shiru, ana ɗaukarta kamar mahaukaciya. Hankalinta na nan cif, hanyar isa gare shi ce kawai aka rasa.

YADDA AKA YI KARATUN

Dabarar Malama Anne mai sauƙi ce, sai dai tana cin rai. Ta lura da yadda jariri ke koyon magana: ba wanda ke zaunar da shi a aji, ji yake yi ana magana dare da rana har ya kama. Saboda haka ta ajiye tsarin darasi na ƙa'ida, ta riƙa zuba wa Helen cikakkiyar magana a tafin hannu tun daga safe har dare, ko ta gane ko ba ta gane ba. Yawancin karatun a waje ake yi, a gona da bakin kogi da akurkin kaji. In za a koyi ƙwai, sai a sa mata ƙwai a hannu ta ji ɗan tsako na fasowa.

To, abin da ake taɓawa mai sauƙi ne. Yaya za a koya wa irin wannan yarinya kalmar tunani? Wata rana tana shirya duwatsun ado a zare, manya biyu ƙanana uku, ta yi ta kuskure, ta tsaya tana nazarin inda ta ɓata. A daidai wannan lokaci malama ta taɓa mata goshi ta rubuta kalmar. Nan ta gane cewa abin da ke gudana a cikin kanta ma yana da suna.

Kafin shekarar ta ƙare ta san ɗaruruwan kalmomi, tana rubuta wasiƙa da fensir. Ta koyi rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa, wanda wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙirƙiro. Daga baya ta iya keken rubutu. A 1888 suka tafi Perkins, inda ta haɗu da yara makafi da suka iya maganar yatsu. A 1890 ta ji labarin wata yarinya irinta a ƙasar Norway da aka koya wa magana da baki, ta ce ita ma sai ta koya. Wata malamar kurame a Bostan, Sarah Fuller, ta fara mata, Anne ta ɗora. Yadda ake yi shi ne ta ɗora yatsunta a leɓe da hanci da maƙogwaron mai magana, ta ji motsin, ta kwaikwaya. Ta wannan hanya ta iya sauraron mutane da hannu. Amma gaskiya muryarta ba ta taɓa fita sosai ba, baƙo ba ya ganewa sai an maimaita masa, kuma wannan ya dame ta har tsufanta.

JARRABAWA

Suna ya fita a jaridu, kuma mai suna ba ya rasa jarrabawa. A 1891, tana da shekara 11, ta rubuta wani ɗan labari a kan sarkin sanyi ta aika wa Anagnos kyauta. Ya ji daɗi aka buga. Sai aka gano labarin ya yi kama ƙwarai da na wata marubuciya, Margaret Canby. Bisa ga dukkan alamu an taɓa karanta mata shi a hannu shekarun baya, ya zauna mata a kai, ta ɗauka nata ne. Aka kafa kwamiti a makaranta, aka fitar da malamarta, aka tsare yarinya da tambayoyi kamar a kotu. Ba a tabbatar da laifin ganganci a kanta ba, amma zumuncinsu da Anagnos ya lalace, kuma ta daɗe tana tsoron duk abin da ta rubuta, kada ya zamana na wani ne.

Duk da haka ta ce sai ta shiga jami'a. Ta yi karatu a wata makarantar kurame a Niyok daga 1894, ta koma makarantar share fage a Cambridge a 1896, shekarar da mahaifinta ya rasu. Kuɗi suka yanke. Shahararren marubucin nan Mark Twain, wanda ya zama amininta, ya haɗa ta da wani attajirin man fetur, Henry Rogers, shi ya ɗauki nauyin karatun. A 1900 ta shiga kwalejin Radcliffe, ɓangaren mata na jami'ar Harvard a wancan zamani.

A nan ne malama ta nuna ko ita wace ce. Kowane aji tana zaune a gefen Helen tana rubuta mata abin da malamin jami'a ke faɗa a tafin hannu. Littattafai da yawa babu su a rubutun makafi, saboda haka bayan an tashi sai ta yi awoyi tana karanta su da idanunta masu ciwo tana zuba mata a hannu, likitoci na gargaɗinta. Masu shakka suna cewa ai malamar ce ke yin komai. Amma a ɗakin jarrabawa ba a barin Anne ta shiga, kuma Helen ta ci. Ta karanci Faransanci da Jamusanci da Latin da Girkanci. Tana ɗaliba ta wallafa littafin tarihin rayuwarta a 1903, wanda aka fassara zuwa harsuna masu yawa. A 1904, tana da shekara 24, ta karɓi digiri da sakamako mai daraja, ita ce makauniya kuma kurma ta farko da ta yi haka. Ita kuwa wadda ta zauna a kowane aji tare da ita, ba a ba ta ko takarda ba a ranar.

AIKIN DA TA SA GABA

Helen ba ta ajiye digiri a akwati ba. A 1906 aka sa ta cikin hukumar kula da makafi ta jihar Massachusetts. Da ta shiga bincike sai ta gano cewa makanta ta fi yawa a cikin talakawa, saboda haɗurran masana'antu da ƙazantar muhalli da rashin magani. Ta fito fili ta yi magana a kan jariran da ke makancewa saboda ciwon sanyi da suke ɗauka wajen haihuwa, abin da ake jin kunyar faɗa a lokacin, alhali ɗigon magani a idon jariri ya isa ya hana.

Wannan bincike ne ya kai ta siyasa. A 1909 ta shiga jam'iyyar 'yan gurguzu, ta goyi bayan ma'aikata da 'yancin mata na jefa ƙuri'a, ta ƙi shigar Amurka yaƙin duniya na farko. A 1916 ta aika gudummawa ga ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, abin da ya ɓata wa danginta na kudu rai. Wasu 'yan jaridar da da suke yabonta suka juya suna cewa ai naƙasarta ce ta sa ba ta fahimci duniya ba. Mu kuma ba za mu ce duk abin da ta faɗa daidai ne ba. A 1915 ta goyi bayan wani likita da ya ƙi yi wa jariri mai tsananin naƙasa aiki har ya mutu. Wannan kuskure ne babba, rai na Allah ne, kuma ita ce ta fi cancanta ta san haka. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Rayuwar gida ma ba ta zo da sauƙi ba. Anne ta yi aure a 1905 da John Macy, wanda ya taimaka wajen shirya littafin Helen, su uku suka zauna gida ɗaya, amma wajen 1914 auren ya watse. A wannan shekara wata 'yar ƙasar Sikotlan, Polly Thomson, ta shigo tana taimaka musu. Ita ma Helen a 1916 ta so auren wani saurayi da ke yi mata aikin sakatare, danginta suka hana, ba ta kuma yi aure ba har ta mutu. Da kuɗi suka yi ƙaranci, daga 1920 ita da malama suka riƙa hawa dandalin gidajen wasa suna ba da labarinsu ana biya. Masu kuɗi suka ce abin kunya ne, ita kuwa damuwarta ta tara abin da zai riƙe malamarta in tsufa ya zo.

Daga 1924 ta kama aiki da gidauniyar makafi ta Amurka, ta yi fiye da shekara 40 tana yawon neman taimako da matsa wa gwamnati lamba a kan makarantu da littattafan makafi. A 1925 ta yi jawabi a babban taron ƙungiyar Lions, daga nan ƙungiyar ta ɗauki yaƙi da makanta a matsayin babban aikinta.

RABUWA

Idon Malama Anne ya yi ta raguwa har ya tafi gaba ɗaya. Wadda ta zame wa wata ido, ita ma ta koma lalube, har ɗalibar ta riƙa taimaka mata da rubutun makafi. Ran 20 ga Oktoba, 1936, ta rasu a Niyok tana da shekara 70, hannunta cikin hannun Helen. Shekara 49 ke nan suna tare.

Mutane suka zaci shi ke nan, an gama da Helen. Sai ga shi a 1937 ta tafi Japan tare da Polly. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta bi asibitocin soja tana ƙarfafa wa waɗanda suka makance ko suka kurumce gwiwa. Daga 1946 zuwa 1957 ta ziyarci ƙasashe 35. Ta je Hiroshima a 1948, Afirka ta Kudu a 1951 inda ta koka da halin da makafi baƙar fata ke ciki, Masar da maƙwabtanta a 1952, Indiya a 1955. A 1946 gobara ta cinye gidanta har da littafin da ta yi shekaru tana rubutawa a kan malamarta. Ta sake zama ta rubuta shi daga farko, ya fito a 1955. Polly ta rasu a 1960. A 1961 ciwon shanyewar jiki ya taɓa Helen, ta daina fita. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka. Ta rasu ran 1 ga Yuni, 1968, saura 'yan makonni ta cika 88. Aka ajiye tokarta a babban cocin Washinton, kusa da ta malamarta. Gidan da aka haife ta ya zama gidan tarihi, famfon nan yana nan ana zuwa kallo. Ƙungiyar da ta taimaka aka kafa a 1915, wadda ke ɗauke da sunanta, tana aiki a ƙasashe da dama har da Nijeriya da Nijar, wajen yaƙi da ciwon ido da rashin abinci mai gina jiki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

To 'yan uwa, mu 'yan kasuwa ne, mun san lissafi. Jarin da aka zuba a nan shi ne uwa da ta ƙi fid da rai, da malama ɗaya mai haƙuri a kan dala 25, da masu hali da suka buɗe aljihu. Ribar kuwa kun ji ta. Mu tuna kuma, ita kanta malamar da an bar ta a gidan gajiyayyu, da ba a ji labarin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Addininmu ya riga kowa a wannan fage. Duk ɗan Islamiyya ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana bar masa riƙon Madina in an fita. Mun kuma san makafi mahaddata Alƙur'ani a garuruwanmu. To me ya sa a nan Sabo in yaro ya makance sai mu ce ga sanda ga ƙoƙo, in ya kurumce mu ce ba shi da rabo a karatu? Ita kuma yarinyar da ke jan sandar babanta tun safe har magariba, idonta biyu garau, yaushe za ta je makaranta?

Makarantu suna nan. Akwai ta makafi ta Pacelli da ta kurame ta Wesley a Surulere cikin Ikko, akwai ta kurame a Badun, akwai ta makafi a Gindiri, akwai ta Tudun Maliki a Kano, ga kuma kwalejin horar da malaman masu naƙasa a garin Oyo. Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a zauna da Sarkin Hausawa da Sarkin Makafi da limamai, a bi gida-gida a san yawan irin waɗannan yara. A ware wani abu daga kuɗin taro na wata-wata don kuɗin mota da kayan makarantarsu. A samu ko da mutum biyu cikin samari da 'yan matanmu da suka gama sakandare a tura su su koyo maganar hannu da rubutun makafi, su dawo su koyar a Islamiyyunmu, a kuma riƙa biyansu haƙƙinsu a kan kari. Iyaye mata kuma, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko idon jariri yana ruwa yana kwantsa, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In an zo rigakafi a fito da yara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.